Tambaya da Amsa: Yadda Ake Amsa Goron Gayyata

Yawancin wasiƙun da suka iso mana wannan karon a kan gayyata suke. Ba abin mamaki ba ne, domin da zarar Sha'aban ya kama, ko an sauko daga Sallah, ko hutun Disamba ya zo, da wuya Asabar ta wuce a Zariya mutum bai riƙe kati biyu ko uku ba. Mun zaɓi waɗanda matsalarsu ta shafi mutane da yawa.

Assalamu alaikum. Abokin karatuna ya sa katin ɗaurin aurensa a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, mu fiye da ɗari. Bai kira ni ba, bai kuma turo mini ni kaɗai ba. Na ji ana cewa amsa gayyata wajibi ne. In ban je ba na yi laifi?
*Ɗalibi, daga Kongo, Zariya*

Wa alaikumus salam. Abin da ka ji yana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya ce idan aka gayyaci ɗayanku walima, to ya je. A wani hadisin kuma an lissafa amsa gayyata cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Sai dai malaman Malikiyya sun ɗora wajibcin ne a kan walimar aure, kuma a kan wanda aka ayyana, wato aka ambaci sunansa ko aka aika masa shi kansa. Haka Shaihu Halilu ya kawo a Muhtasar, littafin da ake karantawa a zaurukan malamai na cikin birni. Katin da aka jefa cikin mutum ɗari shela ce, irin wadda ake yi a masallaci bayan an sallame. In ka je ka kyauta, in ba ka je ba babu laifi a kanka.

Amma kada ka tsaya nan. Gayyata hawa-hawa ce, kuma kowace da irin amsar da ta dace da ita. Akwai wanda zai tako har ƙofar gidanka, ko ya aiko ƙaninsa da kati da goro ko alawa. Akwai wanda zai kira ka a waya, ko ya rubuto maka saƙo da sunanka. Sannan ga shela. Abin da muke ba da shawara kullum shi ne amsa ta bi hanyar da gayyata ta biyo, ko wadda ta fi ta daraja, kada ta gaza ta. Wanda ya tako, ko dai ka halarta ko ka taka ka kai masa uzurinka. Wanda ya kira, a kira shi. Abin da ke ɓata zumunci a yanzu shi ne dattijo ya aiko ɗansa da goro, a mayar masa da hoton babban yatsa a waya. Wannan raini ne, ko da mai yin sa bai nufa ba.

Kai da shela ta same ka, rubuta masa shi kaɗai, ba cikin zauren ba. Ka ambaci sunansa, ka ce ka ga sanarwa, ka yi masa addu'ar da aka ruwaito: Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair. In za ka je, ka faɗa. Saƙon da ke cikin zaure yakan nutse a ƙarƙashin “Allah ya sanya alheri” guda tamanin, ango ba zai tantance naka ba.

Ni matsalata kunya. In aka gayyace ni, ko na san ba zan je ba, sai in ce “In sha Allahu ina nan tafe”, don ba na iya kallon idon mutum in ce a'a. Kwanan baya wata aminiyata ta yi fushi sosai da ba ta gan ni ba wajen walimar 'yarta. Yaya ake ƙin zuwa ba tare da an ɓata ba?
*Wata uwa, daga Tudun Jukun*

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi damun mu, domin ba ke kaɗai ba ce, ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare. Aminiyarki ba rashin zuwanki ne ya fi ƙona mata rai ba. Ta sa ki a lissafi ne, ta yi ta duban ƙofa. Kuma “In sha Allahu” da aka umarce mu da faɗa a Suratul Kahfi, aya ta 23 da 24, ta wanda ya ƙudurta yin abu ce, ya jingina ikon ga Allah. Wanda ya riga ya yanke a ransa cewa ba zai je ba, bai kamata ya ɓuya a bayanta ba.

Bari mu nuna miki abin da amsarki ke jawowa a madafa. Mai biki da mai girki sukan zauna su yi lissafi da kawuna. A ce kowace roba za ta ci giram 150 na ɗanyar shinkafa, buhu mai kilo 50 zai fitar da roba 330 da 'yan kai. Kowace roba da yankan namanta, da ruwanta, da lemonta. In mutum 40 suka ce suna tafe ba su zo ba, kilo 6 na shinkafa ke nan, da yanka 40 na nama, da kujeru 40 da aka biya kuɗin haya, wato tebur huɗu ko biyar a zauren taro. A walimar gida abincin ba ya asara, maƙwabta da almajirai za su ci, amma kuɗin ya riga ya fita daga hannun wadda wataƙila sai da ta ɗauki adashi kafin ta haɗa shi. Ɗaya gefen ya fi muni: mutum 40 su yi shiru, a ɗauka ba za su zo ba, ranar su ɓullo. Nan ne za ki ga uwar biki tana zufa a bakin tukunya, ana raba yankan nama gida biyu, dangin ango da suka zo daga Kano ko Kaduna suna zaune ba a kai musu komai ba.

Ga yadda ake yi. Da farko, lokaci: ki ba da amsa cikin kwana biyu ko uku da samun gayyata, in ta yi nisa kada ta wuce saura mako guda, don a makon ƙarshe ne ake cefane da sallamar masu kujera da rumfa. Na biyu, maganar kanta tana da gaɓa huɗu, kuma a jere suke: godiya, addu'a, uzuri a taƙaice, sai abin da za ki yi a madadin zuwa. Misali: “Na ga kati, na gode da kika tuna da ni. Allah ya sanya albarka, ya ba su zaman lafiya. Ranar ba zan samu zuwa ba, akwai abin da ya riƙe ni, ki yi mini uzuri. Amma zan shigo ranar Laraba in taya ki aiki, kuma ƙanwata za ta tsaya mini ranar walima.”

Ki lura ba a ƙirƙiro ciwo ko tafiya ba. Ba dole ne ki zayyana dalili ba, “akwai abin da ya riƙe ni” ya wadatar tsakanin mutanen da ke ganin girman juna. Ƙaryar uzuri ita ce mai tonuwa, Zariya kuwa ba ta da faɗin da za ki ce kina Abuja a kasa ganin ki a kasuwar Sabon Gari. Gaɓa ta huɗu ita ke wanke zuciya. Al'adarmu ta tanadi ƙofofi da yawa ga wanda ba zai halarta ba: zuwa tun kafin ranar a yi Allah ya sanya alheri, aika gudummawa, tura wakili, ko zuwa ganin ɗaki bayan an kai amarya. Zaɓi ɗaya, ki faɗe shi, ki kuma cika.

In har da gaske ba ki tabbatar ba, to ki faɗi hakan da ranar da za ki tabbatar: “Ban san yadda aikina zai kasance ba, zan kira ki ranar Litinin.” Ranar Litinin kuma ki kira.

An gayyace ni ɗaurin aure biyu ranar Asabar ɗaya, duka ƙarfe 11 na safe. Ɗaya na ɗan maigidana a wurin aiki, a Samaru. Ɗaya na 'yar maƙwabcina, a masallacin unguwarmu. Maigidana ne ya fara ba ni kati. Wanne zan je?
*Magidanci, daga Kwarbai*

Malam, fara cire tunanin haɗa su biyun. Ɗaurin aure ba ya daɗewa. Da waliyyi da wakili sun zauna gaban liman, an ambaci sadaki, an nema an bayar, an shafa fatiha, sau da yawa minti goma zuwa sha biyar an tashi. Daga Samaru kuwa sai ka ratso Kwangila da PZ da Tudun Wada kafin ka shiga Ƙofar Doka, ranar Asabar ta biki. Masu ƙoƙarin haɗawa sukan rasa duka biyun.

Ƙa'idar da malamai suka bayar ita ce wanda ya riga gayyata shi ake amsa wa. In sun zo tare, sai a duba kusancin zumunta da kusancin ƙofa. Akwai ruwaya a kan haka a wajen Abu Dawuda, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan ƙarfinta. Bisa wannan, in ka riga ka ce wa maigidanka kana tafe, alƙawari ya hau kanka, Samaru za ka. Sai ka shiga wurin maƙwabcinka tun daren Juma'a, ka faɗa masa baki da baki, ka tura babban ɗanka ko ƙaninka ya zauna a sahun da za a gan shi, ya kuma je ya gaisa da uban amarya ya ce, “Baba ya ce in tsaya masa.” Wakilin da bai gabatar da kansa ba daidai yake da ba a tura kowa ba. Da ka dawo, kafin ka cire babbar riga, ka fara tsayawa ƙofar gidan maƙwabcin.

In kuwa kati kawai ka karɓa ba ka yi alƙawari ba, mu a ganinmu maƙwabci ya fi. Taron maigidanka zai cika ya batse, kuma yawanci akwai liyafa bayan ɗaurin aure da za ka iya riska da azahar. Maƙwabci kuwa da mutanen unguwa yake taƙama, kuma su ne masu shimfiɗa tabarma da tarbar baƙi.

An ba ni katin dina an rubuta mutum ɗaya. Ƙanwata ta zo hutu, ba na son barin ta a gida. In tafi da ita? Kuma mene ne amfanin lambobin wayar da ake jerawa a ƙasan kati?
*Wata budurwa, daga Hanwa*

'Yar'uwa, lambobin nan da ke ƙarƙashin haruffan RSVP an sa su ne don irin wannan. Roƙo ne cewa a sanar ko za a zo ko ba za a zo ba, kuma su ake tambaya kwatance da duk wani abin da ya shige duhu. Kira ɗaya daga cikinsu, ko amaryar in kun saba, ki tambaya tun da sauran kwanaki. Ki kuma yi tambayar yadda za a iya ce miki a'a ba tare da jin nauyi ba: “In akwai sarari zan zo da ƙanwata, in babu wallahi ba komai.”

Akwai abin koyi a hadisin Abu Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim. Wani Ba'ansare mai suna Abu Shu'aibu ya sa aka yi abincin mutum biyar, ya gayyaci Annabi (SAW) a cikinsu. Wani mutum ya biyo su. Da suka isa, Annabi ya shaida wa mai gida cewa wannan ya biyo mu, in ka so ka yi masa izini, in ka so ya koma. Mai gida ya yi masa izini. Wanda ya fi kowa daraja bai shigar da baƙo a kan abincin wani ba sai da ya tambaya.

A rarrabe dai: yinin biki ko taron suna na cikin gida yana da faɗi, ba wanda zai ƙirga ki da ƙanwarki. Dina a zauren haya kujera ake biya, ga masu gadi a ƙofa. In kika je da ita ba izini, ko dai a tsayar da ita a waje cikin kwalliyarta ana kallon ta a matsayin 'yar gayyar soɗi, ko ta zauna a kujerar wani mai kati. Haka zancen yake ga ƙananan yara.

Ƙawata ta sa ni cikin ƙawayen amarya, ta turo hoton anko da kuɗinsa. Ba ni da halin saye yanzu, kuma ban ma faɗa wa maigida ba tukuna. Na yi shiru kwana biyar.
*Matar aure, daga Gyallesu*

Shirun nan shi ne kuskuren, ki katse shi yau. Mai fitar da anko takan sayo ne da yawan waɗanda ta lissafa, turmin atamfa yadi shida, leshi yadi biyar, sau da yawa da kuɗinta ko bashin ɗan kasuwa. In aka yanka da sunanki ya zama kaya a wuyanta. Ga tela kuma, wanda a lokacin biki ko mako biyu ka ba shi sai ka yi ta sintiri. Gayyata daban, anko daban, kina iya amsa ɗaya ki bar ɗaya: “Zan zo biki da yardar Allah, amma kada ki sa ni a lissafin anko wannan karon. Faɗa mini kalar, in sa abin da ya yi kusa da ita.” Ƙawar kirki ba za ta riƙe ki da wannan ba.

Batun maigida kuwa, amsar farko da ta dace ita ce, “Na gode, zan yi magana da Abban yara, gobe ko jibi za ki ji ni.” Ki kai masa maganar da cikakken bayani: wace rana, wane wuri, kamu ne ko yini ko kai amarya, ƙarfe nawa za a tashi. Yawancin “a'a” da maza ke cewa daga tambayar ƙurarren lokaci take fitowa, mota na jira a waje. Masu biki su ma su riƙa tunawa da kyakkyawar al'adar nan ta aika wa miji nasa katin ko goron, ko a ɗaga waya a nemi alfarmarsa. Tana sauƙaƙa wa matar ƙwarai.

Wata makarantar Islamiyya ta aiko mini da takarda in zama babban baƙo a walimar saukar Alƙur'ani. Ban taɓa amsa irin wannan ba. Baki ya isa, ko sai na rubuta?
*Ɗan kasuwa, daga Sabon Gari*

Alhaji, takarda da takarda ake amsa ta, ko da ka riga ka yi magana da shugaban makarantar a waya, domin kwamiti ne zai zauna a kanta, kuma za a buga sunanka a jadawalin taro. Rabin shafi ya isa. Ka sa kwanan wata, ka rubuta wa wanda ya sa hannu a tasu takardar da muƙaminsa. Bayan sallama, ka ce ka sami takardarsu mai kwanan wata kaza, ka maimaita taron da ranar da wurin da lokacin kamar yadda suka rubuta. Wannan maimaitawar tana da amfani, nan ake gano in an yi kuskuren bugu ko an ɗaga ranar. Sannan jimla ɗaya bayyananniya: na amsa, ko ba zan samu dama ba. In wakili za ka tura, ka rubuta sunansa da matsayinsa, ka kuma ba shi abin da zai faɗa da abin da zai miƙa. Ka faɗi yawan mutanen da za su raka ka don a tanadi wurin zama.

Kafin ka sa hannu, tambayi abu biyu: za ka yi jawabi, na minti nawa? Kuma akwai neman taimako a taron? Kujerar babban baƙo takan zo da tsammanin gudummawa. Gara ka sani tun yanzu, ka yanke abin da za ka iya, da a miƙa maka lasifika ka ambaci adadin da za a yi shekara ana bin ka. Ka mayar da amsa cikin mako guda, don in ba za ka iya ba su sami lokacin neman wani. Ranar kuma ka isa kan lokaci, yara da iyayensu kai suke jira a rana.

Ina azumin Litinin da Alhamis, walima ta faɗo ranar Alhamis. Sannan wani bikin da aka gayyace ni na san za a yi kiɗa da cakuɗuwar da ba na so.
*Malamin makaranta, daga Tudun Wada*

Azumi ba ya hana halarta. A hadisin Muslim, mai azumi ya je ya yi wa masu walima addu'a. A mazhabar Malik ba a karya azumin nafila da gangan haka kawai, wanda ya karya sai ya rama. Faɗa wa mai gida a hankali cewa kana azumi, kada ya ga ka ƙi cin abincinsa, in ya ƙunsa maka ka karɓa ka yi buɗa-baki da shi.

Na biyun, Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce a amsa walimar aure matuƙar babu wasan banza da ya shahara ko abin ƙi bayyananne, har ta kawo cewa Malik ya yi rangwame a ƙi zuwa saboda tsananin cunkoso. Kana da uzuri. Amma biki ba taro ɗaya ba ne. Halarci ɗaurin aure, ka ci walimar rana, ka ce wa ango, “Na dare kam ka yafe mini.” Ba sai ka mayar da amsar gayyata wa'azi ba. In nasiha ce, ka keɓe shi tun ana shirye-shirye, lokacin da zai iya sauya wani abu.

Na yi wa abokina alƙawarin zuwa sunan ɗansa, na manta sam. Yau kwana tara, kunya ta hana ni kiran sa.
*Matashi, daga Wusasa*

Kowace rana ka ƙara, nauyin ƙaruwa yake. Kada ka rubuta saƙo, kada ka jira ku haɗu a hanya. Kira shi ka ce kana tafe, ka je bayan la'asar ko bayan isha'i lokacin da yake gida. Riƙe abin barka gwargwadon hali: sabulun wanki da na wanka, ko kayan jariri, ko 'yan kuɗi a ambulan don mai jego. In kun gaisa, ka faɗi gaskiya a jimla ɗaya, “Wallahi mantuwa na yi, ban kyauta ba, ka yafe ni,” kada ka bi ta da dogon bayani. Ka tambayi sunan yaron, ka yi masa addu'a da sunan, Allah ya raya shi a kan sunna, ya ba mai jego lafiya. In ya nuna ɓacin rai ka bar shi ya faɗa, yana da gaskiya. Daga yau kuma duk gayyatar da ka amsa, ka shigar da ita kalandar wayarka a take, ka sa ta tuna maka sau biyu: saura kwana biyu, da kuma daren ranar, domin raɗin suna da sassafe ake yin sa, kafin ka farga an shafa fatiha an watse.